Kamus da Asalin Sharholiya

Ilimi kaya ne mai nauyi, ba kowane wuya ke iya ɗaukarsa ba. Wuyan Kamus, cikin ikon Allah, bai taɓa yin ciwo ba.

Aikinsa duba kurakurai ne a wata ƙaramar maɗaba'a da ke buga katin gayyata da kalanda da takardar naɗe sabulu. A can ya samo laƙabinsa, domin babu kalmar da za ta gifta ta gabansa bai faɗi garinsu da sunan kakarta ba. Ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Mafi kusa da haka da ya taɓa fitowa daga bakinsa shi ne, "Masana sun yi saɓani, amma ni na warware."

Burinsa ɗaya ne a duniya: a ji muryarsa a rediyo. Akwai wani shiri na asalin kalmomi da wani tsoho ke gabatarwa duk mako, Kamus kuwa ya shekara da shekaru yana buga waya yana yi masa gyara, har masu ɗaukar waya suka haddace lambarsa, layi ya koyi katsewa da kansa. Da tsohon ya yi ritaya, Kamus ya goge takalmi ya tafi wurin Manajar gidan rediyon. Ta saurare shi da haƙurin wanda ya fake yana jiran ruwa ya ɗauke. Da ya tsaya shan numfashi ta yi wuf ta ce ya zaɓi kalma guda ya shirya bayaninta, za ta turo Injiniya ya naɗo. In ya yi kyau, shirin nasa ne. In bai yi ba, ya daina bugo musu waya.

"Har abada," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, ki fara neman wanda zai riƙa amsa wasiƙun yabo," in ji Kamus.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai shagon Mai aski, inda ya saba zubar da ilimi kyauta. Tela na maƙwabtaka yana zaune a benci yana warware wani ɗinki.

"Sharholiya," Kamus ya sanar, tun kafin a gama ɗaura masa ƙyalle a wuya.

"Duk kalmomin mutunci da ke duniya?" in ji Mai aski.

"Kai gashi ka sani. Kalma ce da kowa ke aikatawa, ba wanda ya san inda ta fito."

"Ai ka gaya mana," in ji Tela. "Ranar nan ka ce daga Larabci take."

"Wancan makon ke nan."

"Kafin nan kuma ka ce sunan wata mata ce mai gidan rawa."

"Tela, ilimi ba wando ba ne da za a yanka sau ɗaya a ɗinke. Tafiya yake yi."

"To yanzu ina ya kai?"

Kamus ya gyara zama, har Mai aski ya kusa ɗauke masa kunne. Ya ce kalmar ba daga wani harshe ta zo ba, hayaniya ce ta raɗa wa kanta suna. Ƙafafu in sun share ƙasa, ka ji kan kalmar. Maƙogwaro in ya saki ihu, ka ji cikinta. Kiɗa in ya lanƙwasa, ka ji wutsiyarta. In aka haɗa su bisa ma'auni, kunne zai ji kalmar tana faɗin kanta, kuma na'urar gidan rediyo za ta kama ta tana fitowa, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka fara magana.

"Kuma ku lura," ya ɗaga yatsa daga ƙarƙashin ƙyalle. "Shagali yana da mai gida. Bidiri yana da lokacin tashi. Sharholiya ba ta da uba. To ni zan zame mata uba na yini ɗaya. Zan ɗauko ta daga shagali in hau da ita bidiri, in kai ta ƙololuwa, in busa usur, kowa ya yi tsit. A cikin wannan shirun zan yi bayani."

"Wa zai yi kiɗan?" in ji Tela.

"Tsawa mai ganga, domin tsohon zamani. Da Girgiza mai lasifika, domin sabon zamani. Bincike sai da kwatanci."

Almakashin Mai aski ya tsaya cak a sama.

Duk wanda ya taɓa shirya ko da walimar buɗe shago ya san ba a haɗa makaɗa biyu a fili ɗaya. A sana'arsu, in biyu suka haɗu, wanda ya fara yin shiru shi aka kayar, kuma labarin zai riga shi isa gida, ba mai sake ɗaukarsa sai wanda ya rasa makaɗi. Tsawa da Girgiza kuwa ko a hanya suka haɗu ba wanda ke fara daina gaisuwa. Kamus ya karanta littattafai da yawa, ko dai bangonsu, amma ba a rubuta wannan a ko ɗaya ba.

Mai aski ya buɗe baki zai yi magana. Sai ya tuna ya kwana biyu bai yi dariya ba.

"Allah ya ba da sa'a, Malam," ya ce. "A rage gefe?"

A gida abin bai tafi sumul ba. Gidan haya ne mai ɗakuna kewaye da tsakar gida guda, da famfo guda, da igiyar shanya guda wadda ake faɗa a kanta. Matarsa tana tsince shinkafa ta saurare shi har ƙarshe.

"Malam, tsakar gidan nan ba tamu ba ce mu kaɗai. Maƙwabcinmu Mai gadi da rana yake barci. Inna mai gida ko turmi aka daka da ƙarfi sai ta leƙo."

"Na gaya wa Inna lacca ce."

"Lacca da ganga?"

"Lacca mai misali."

"Mutum nawa ka gayyata?"

"Masu hankali kaɗan. Ba za su cika kujerun ba ma."

Ta dube shi irin duban da ake yi wa tukunyar da aka san za ta zube, ta ci gaba da tsintarta. Da yamma ta gaya wa mahaifiyarta a waya cewa gidan rediyo za su zo naɗar maganar Malam. Mahaifiyar ta gaya wa ƙanwarta cewa rediyo na neman surukinta. Kafin maganar ta tsallake baki na uku, an ba Kamus aiki da ofis da mota.

Ranar Asabar bayan azahar aka jera kujerun aro. Kamus ya shimfiɗa zanen gado a kan tebur, ya ajiye kofin ruwa, ya rataya usur ɗin da ya aro wurin mai horar da 'yan ƙwallo. Injiniya ya iso, mutum ne siriri mai furfura wanda ke tsimin kalmomi kamar da kuɗi yake sayensu. Ya maƙala wa Kamus ɗan makirufo a wuyan riga, ya sa abin ji a kunne.

"Yi magana yadda ka saba."

"Jama'a masu daraja, masu neman sani..."

"Ƙasa da haka."

Girgiza ya riga kowa zuwa, ya gina katangar lasifika a jikin bangon Mai gadi, yana ta jan waya. Sai ga Tsawa da mutanensa, kowa da ganga a kafaɗa. Suka tsaya a bakin ƙofa. Aka yi kallon kallo.

"A'a," in ji Girgiza. "Ashe da masu dukan fatar akuya."

"Ashe da masu jiran a kawo wuta," in ji Tsawa. Ya juya ga Kamus. "Malam, ba ka ce da wannan ba."

"Ni ma bai ce mini da kai ba, Baba. Da na zo da auduga."

"Ku kwantar da hankalinku," in ji Kamus. "Abin a tsare yake. Ku fara a hankali, in na ɗaga hannu ku ƙara, in na busa usur ku tsaya."

"Ya fara tsayawa," in ji Tsawa.

"Haba, kai ne babba. Babba ke gaba."

Kamus ya ji daɗin wannan ladabi, ya ce da ma haka 'yan sana'a suke girmama juna da ƙasa ta ci gaba.

Matakin shagali ya yi kyau matuƙa. Tsawa ya taɓa ganga a hankali, Girgiza ya saki wani sauti mai taushi. Kamus ya miƙe, ya kurɓi ruwa, ya ce, "Jama'a, kalmar da za mu..."

Girgiza ya ga kamar gangar ta ɗan fi shi, ya murɗa kaɗan. Tsawa ya ji, ya ɗan ƙara nauyin hannu. Girgiza ya sake murɗawa. Tsawa ya yi wa mutanensa ido. Matakin bidiri, wanda Kamus ya tanadar wa dogon sharhi, an wuce shi kamar mota ta wuce ƙauyen da ba ta da fasinja. Kofin ruwa ya fara tafiya da kansa a kan tebur.

Kamus ya ɗaga hannu don ya ce a dakata. Suka tuna ya ce in ya ɗaga hannu a ƙara, kuma a wannan kaɗai suka yi masa biyayya.

Masu hankali kaɗan ɗin da ya gayyata ba a ga ko ɗaya ba, amma titi ya ji. Masu wucewa suka leƙo, suka shigo. Mai aski da Tela suka rufe shaguna suka zo kallo. Masu wankin mota suka bar mota da kumfa. Matan layin baya suka zo da goyo. Mai sayar da ruwan sanyi ya turo kurarsa har gindin famfo ya kafa kasuwa. Kujerun da aka ce ba za a cika ba aka tattara su gefe don a samu fili.

Kamus ya cusa usur a baki ya busa da dukkan ƙarfinsa.

A filin ƙwallo, usur tsayar da wasa yake yi. A filin rawa, wuta yake ƙarawa. Jama'a suka amsa da ihu, aka buɗe da'ira, wani mai gyaran babur ya faɗa tsakiya yana juyi kamar an kunna shi. Kamus ya sake busawa, gajere-gajere, cikin fushi. Busar ta faɗa daidai kan kiɗa. Wata mata ta dafa shi ta yi masa ihu a kunne, "Ashe Malam gwani ne, yake ɓoyewa!"

Ƙofar Mai gadi ta buɗe. Ya fito da shatin matashi a kumatu da kulki a hannu, idanu jawur. Ya nufo Kamus yana faɗin maganganu waɗanda, da ana ji, da sun ƙara wa binciken kalmomi da yawa. Ba a ji ko ɗaya ba. An dai ga mutum yana buga ƙafa yana kaɗa sanda yana buɗe baki, aka ba shi fili, aka yi masa tafi. Ya yi ta bala'i har ya gane ƙafarsa ta daɗe da bin ganga ba da saninsa ba.

Inna mai gida ta fito tana dogara sanda, ta kamo hannun Tela.

"Wa ya haihu?"

"Lacca ce, Inna!"

"Me?"

"Ilimi ne!"

"To Allah ya raya," in ji Inna.

Ana cikin haka wata motar haya ta tsaya a ƙofar gida, ta zazzage dangin matarsa. Surukarsa ce a gaba, mace mai jiki wadda ta shekara tana kukan ciwon gwiwa. Ta rangaɗa guɗa, ta ratsa taro, ta kama fuskar Kamus da hannu biyu.

"Ɗan albarka! Na san ba a banza 'yata ke haƙuri da surutunka ba! Ina motar?"

"Mama, ba a kai ga..."

"Kunya yake ji! Ku ba ni fili!"

Ta ɗaure gyale a ƙugu ta shiga. Matar Kamus tana tsaye a bakin ɗakinta, hannu a harɗe. Ya yi mata alamar ta zo ta janye mahaifiyarta. Ta yi masa alamar lacca ce mai misali.

Kamus ya ga abin ya wuce usur. Ya kutsa ta ƙarƙashin igiyar shanya, wani jiƙaƙƙen zane ya naɗe masa kai, ya fizge, ya bi waya da lalube har bango, ya zare filogin Girgiza. Lasifika suka mutu.

Mutanen Tsawa suka kwarara ihun nasara. Tsawa ya ɗaga ganga sama yana zagaye fili, yana kaɗa wani take mai kama da dariya. Girgiza kuwa ya miƙe. Ya cire hula ya ajiye, ya je lungu ya yaye buhun da ya rufe janareta, ya ja igiya. Da sauti ya dawo, ya dawo da haushin abin da aka yi masa. Gilashin tagar Inna ya yi wata 'yar ƙara ya sauka ƙasa. Hayaƙin janareta ya bi taro, ba wanda ya kula.

"Adalci," Kamus ya ce a ransa, "shi ne a kashe ɗayan ma." Ya yi tsalle ya ƙwace sandar kiɗan Tsawa. Tsawa ya zaro wata daga ɗamara bai ko rasa bugu ɗaya ba. Kamus ya tsaya a tsakiyar fili da sanda a hannu da usur a baki, yana kaɗa hannuwa sama da ƙasa. Ko makaho ya san wannan shi ne shugaban kiɗa.

Ya rarrafa wurin Injiniya, wanda ya cire abin jinsa ya rataya a wuya, yana ɓare gyaɗa. Duk fitilun na'urarsa sun tsaya a ja.

"Ka ji ta?" Kamus ya yi ihu. "Kalmar! Ta fito?"

Injiniya ya dube shi, ya dubi na'ura, ya miƙa masa gyaɗa.

Dabara ta ƙarshe ita ce tebur. Kamus ya hau don kowa ya ga fuskarsa ya san ba wasa yake ba. Teburin na ɗora kofi ne, ba na ɗora masani ba. Ƙafa ɗaya ta karye, Kamus ya tafi da baya, ya ture duron ruwan da ke gindin famfo, tsakar gida ta zama taɓo. Kafin ya kai ƙasa abokan aikinsa na maɗaba'a suka cafe shi, suka ɗora a kafaɗa, suka shiga zagaye da shi. Takalmi ɗaya ya tafi neman na kansa. Da aka gifta da shi ta gaban Girgiza, ya miƙa hannu ya fizgi makirufo.

"Ya isa!" ya kwarma. "Don girman Allah, ya isa!"

Girgiza ɗan zamani ne. Ya danna wani abu, ya kama maganar, ya mayar da ita cikin kiɗa tana maimaita kanta. Tsawa ba zai yarda a bar shi a baya ba, ya sa ganga ta riƙa amsawa. Jama'a suka ɗauka baki ɗaya, hannuwa a sama: ya isa, don girman Allah, ya isa. Surukarsa ce ta fi kowa murya. A tarihin sana'ar, wannan ne karo na farko da Tsawa da Girgiza suka yi aiki tare, kuma babu alamar ɗayansu zai gaji.

Kamus ya ci gaba da ihu daga saman kafaɗu har rana ta yi ja.

Abin da ya kawo ƙarshensa ba usur ba ne. Kiran sallar magariba ne daga masallacin bakin layi. Tsawa ya ɗora tafi a kan fata, Girgiza ya murɗe sauti, a numfashi ɗaya, kowanne yana nuna ɗan'uwansa da yatsa.

"Kowa ya gani, shi ya fara," in ji Tsawa.

"Ka ji tsoron Allah, Baba, hannunka na gani ya sauka."

Aka kashe janareta. Shiru ya sauka a tsakar gida, irin shirun da Kamus ya tsara tun farko, sai ɗigar famfo. Aka sauke shi. Ya hau kujera da takalmi ɗaya, riga jiƙe da taɓo, ya gyara makirufon wuyansa, ya yi wa Injiniya alama ya naɗa. Duk idanu suka dawo kansa. Ya buɗe baki.

Iska ce ta fito, irin ta tayar da ƙusa ta huda.

Ya yi gyaran murya, ya sake gwadawa. Wannan karon an samu ɗan sauti, kamar ƙyauren da ke son mai.

"Malam, ɗaga murya," in ji Mai aski. "Na baya ba sa ji."

"Wannan kuma daga wane harshe take?" in ji Tela.

Surukarsa ta zauna a kan kujera tana haki tana matsa gwiwa, ta yafito Injiniya wanda ke naɗe wayoyinsa.

"Ɗana, yaushe zai fara zuwa ofis?"

"Wane ofis, Mama?"

"Aikin da kuka ba shi."

"Ba a ba shi ba. Gwaji ne."

"Gwaji?" Ta dubi gwiwarta, ta dubi surukinta a kan kujera yana motsa baki kamar kifi. "Na taka rawar nan da gwiwar nan a kan gwaji?"

"Mama, ai misali ne," in ji 'yarta daga bakin ƙofa. "Laccar tana tafe."

Jama'a suka watse suna yaba taro. Da yawa sun ce ba su taɓa zuwa laccar da suka fahimta kamar wannan ba. Mai gadi ya tafi aiki yana ɗingishi. Inna ta tsaya a kan fasasshen gilashinta tana tambayar me ya sa har yanzu ba a nuna mata jaririn ba.

Muryar Kamus ta dawo bayan kwanaki, kuma wurin Mai aski ta fara zuwa. Ya bayyana cewa binciken ya tabbata, shi da kunnensa ya ji kalmar ta fito sarai wajen lokacin da teburin ya karye, na'urar gidan rediyon ce ba ta da ƙarfin kama abu mai zurfi. Ya ce Manaja mace ce mai basira, za ta gane.

Manaja ta saurari abin da Injiniya ya kawo tun daga farko har ƙarshe, abin da ko Injiniyan bai yi ba. Ta ba wata malamar makaranta shirin asalin kalmomi. Ta aika wa Kamus gaisuwa, tare da tunin alkawarin waya.

Amma ba a yar da naɗin ba. Gidan yana da wani shirin kaɗe-kaɗe da yamma wanda aka daɗe ana neman abin rufe shi. Yanzu kullum in lokaci ya yi, sai a ji Kamus yana cewa, "Ya isa! Don girman Allah, ya isa!" Daga nan a karanta labarai.